Kwamfutar da Kawu Yahaya Ya Koya wa Hausa

Ruwan ƙarshen Satumba ne ya huda rufin ɗakin ajiyar Malam Yahaya a Anka, ya jiƙa wani akwatin ƙarfe da ya fi shekara talatin ba a buɗe shi ba. Matarsa, Inna Hure, ta kwaso kayan ciki ta baza a tsakar gida: takardun da suka manne da juna, wata tsohuwar hular aiki, da wasu baƙaƙen abubuwa falle-falle masu kusurwa huɗu, kowanne da rami a tsakiya. Har ta tattara su za ta kai bola, sai ta tuna da Zinatu.

Zinatu ɗiyar ƙanwar Malam Yahaya ce. Tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Gummi, in an tashi kuma ta zauna gyaran laftof ɗin malamai da na maƙwabta. Tana cikin aji wayar ta shigo.

"Zinatu, akwai wasu tarkacen kawunki nan, irin na aikinku. Ruwa ya taɓa su. In ba su da amfani in zubas."

"Inna, yaya suke?"

Da Inna Hure ta kwatanta mata, Zinatu ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Faya-fayan kwamfuta ne, irin manyan nan na farko masu lanƙwasa, waɗanda ita kanta a hoto kawai ta taɓa ganinsu.

"Don Allah, Inna, kada ki bar su rana! Ki mai da su inuwa, ki jingine su ɗaya-ɗaya. Ina nan tahe ranar Asabar."

Ranar Asabar ta jira hantsi ya yi, motoci suka fara bin hanya, sannan ta kama ta Anka. Ta iske kawunta zaune bakin zaure yana gyaran ƙotar kalmensa na noma. Ya haura saba'in, idonsa ya rage gani, kuma wayar da yake riƙewa ƙarama ce mai madannai. A dangi an san dai ya taɓa yin aikin kwamfuta a Bukkuyum, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa wane iri.

Faya-fayan goma sha ɗaya ne. Funfuna ta yi wa wasu fari-fari, kuma gara ta ci gefen ambulan ɗinsu. Zinatu ta ɗaga ɗaya zuwa haske, ta karanta rubutun biro da ya koɗe a goshinsa: DOS na Hausa, faifai na ɗaya, 1991.

DOS ta sani. Ita ce babbar manhajar da ke tayar da kwamfutocin wancan zamani, tun kafin a zo da hotuna da ɗan linzamin da ake ja a kan tebur. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni, ta amsa maka da rubutu. Abin da ba ta taɓa ji ba shi ne a ce akwai ta Hausa.

"Kawu, mi ne na wanga?"

"Wasan ƙuruciya na," ya ce, bai ko ɗaga kai ba.

Sai da ta nace, Inna Hure kuma ta kawo fura ta zauna, sannan ya ajiye kalmen ya ba ta labari. A lokacin suna cikin Jihar Sakkwato. Wani shirin taimakon manoma ya buɗe ofis a Bukkuyum, aka kawo kwamfuta ɗaya tal, aka damƙa ta hannunsa saboda shi ne ya yi kwas na wata uku a Kaduna. Malaman gona su ne ke zagaya ƙauyuka, su Adabka da sauransu, suna rubuto yawan ruwan sama, da zurfin rijiyoyi, da irin gero da dawar da kowane gari ke shukawa. Sai dai ba mai yarda ya taɓa na'urar. Da mutum ya kuskure harafi ɗaya, sai ta watso masa Turanci, shi kuma ya ja da baya yana salati, yana zaton ya ɓata kayan gwamnati.

"Sai nic ce, in mutane ba su iya koyon harshenta, ita ta koyi nasu."

Ba shi da littafi, ba shi da wanda zai tambaya. Ya gano da kansa inda saƙonnin Turancin suke kwance a cikin manhajar, ya riƙa goge su harafi-harafi yana sa na Hausa. Wahalar ita ce gurbi. In saƙon Turanci ya ci gurbi ashirin da huɗu, to na Hausa ba zai wuce ashirin da huɗu ba. Harafi ɗaya ya ƙaru, kwamfutar ta ƙi tashi. Sannan ga haruffan da Bature bai tanada ba, ɓ da ɗ da ƙ. Su ma ya zana su ɗigo-ɗigo, ya rubuta wata 'yar manhaja da ke cusa su cikin allon duk lokacin da aka kunna.

"Wata nawa kay yi kana wanga aiki?"

"Damina ɗaya da rani."

"To ina labarin yat tsaya?"

"Shirin ya ƙare, anka ruhe ofis, kowa yak kama gabanai. Ni kuwa nid dawo gona." Ya ɗauki kalmensa. "Kada ki wahal da kanki, ɗiyata. Ko sun yi rai, babu injin da za ya karanta su yanzu."

Zinatu ba ta yi masa gardama ba. Ta naɗe faya-fayan cikin tsabtataccen zane, ta sa a kwali, ta rungume shi a cinya har Gummi.

Gaskiyarsa ce, injin karantawa shi ne matsala. Ta tambayi masu gyara a Gusau da Sakkwato, wasu suka yi dariya, wasu ma ba su gane abin da take nufi ba. A intanet ta sami wata ƙungiya ta masu ceto tsofaffin manhajoji, mutane daga ƙasashe daban-daban da suka mai da wannan aiki abin sha'awarsu. Da ta aika musu hoton goshin faifan, cikin kwana ɗaya amsa ta fi talatin. Suka koya mata matakan aikin, kuma wani daga cikinsu da ke Legas ya aiko mata da wani ɗan allon lantarki da bai fi akwatin ashana ba, wanda ke haɗa tsohon injin faifai da laftof na zamani. Amma injin kansa, suka ce, sai ta nemo.

Ta kira kawunta. Ya ce ta nemi Malam Shehu, wanda ya riƙe sito a ofishin, in yana raye.

Yana raye. Ta same shi a Bukkuyum, dattijo siriri mai fararen gira, yana sayar da irin shuka a bakin kasuwa. Da ta ambaci sunan kawunta ya rufe rumfa nan take, ya ja ta zuwa gidansa. Can cikin wani ɗaki, ƙarƙashin buhunan dusa, ya janye wata leda. Ga kwamfutar nan, launin ƙasa-ƙasa, faɗinta ya kai na tebur.

"Ranar da anka kwashe kaya, sun ce ta mutu, a yas," in ji Malam Shehu. "Ni kuwa ban iya ba. Abin da ya taɓa gaishe ni da Hausa, ya za a yi in bar shi ga ruwa?"

Da ta kwance murfin, zanzaro ya gina gidaje biyar a ciki, ɓera kuma ya cinye wayoyi. Uwar na'urar ta riga ta tafi, tsatsa ta gama da ita. Amma injin faifan yana nan a maƙale, bakinsa a rufe. Ta kwance shi a hankali. Malam Shehu ya ƙi karɓar komai, sai dai ya ce in abin ya tashi, a zo a nuna masa.

Mako biyu ta yi tana lallaɓa injin nan. Ta share ƙurar da burushin fenti, ta goge kan da ke karatu da auduga da sifirit, ta ɗiga wa sandunansa man keken ɗinki. Ranar da ta haɗa masa wuta ya yi gurnani ya juya, har mijinta Sagir ya leƙo daga tsakar gida yana tambaya ko injin markaɗe ta sayo.

Sai faya-fayan. An gargaɗe ta cewa faifai mai funfuna in aka sa shi haka nan, juyi ɗaya zai kankare abin da ke kansa har abada. Don haka ta tsaga gefen rigar kowanne da reza, ta zaro baƙin da'irar da ke ciki, siririya kamar ganyen albasa. Ta wanke ta da tataccen ruwa da tafin yatsa, ta jingine ta bushe a inuwa, sannan ta mai da ita cikin wata rigar da ta tsabtace. Tana yi a tsanake, don ta san ba ta da na biyunsu.

Ba buɗe fayilolin ta fara yi ba. Ta sa ɗan allon ya kwafe duk abin da ke jikin faifan, layi bayan layi, mai kyau da marar kyau, don ko faifan ya lalace gobe, hotonsa na nan. A fuskar laftof ɗin wasu ƙananan murabba'ai suka riƙa jeruwa, kore in wurin ya karantu, ja in ya mutu. Faifai na ɗaya ya fito da ja goma sha huɗu. Amma da ta kai kan na bakwai, ta ga ashe kwafin na ɗaya ne, na tara ma haka. Mutumin da ba shi da malami ya san ya ajiye abu sau uku. Ta ɗauko mai kyau daga nan ta cike ramin can, har aka wayi gari saura wuri ɗaya tak da ya mutu a duka ukun.

Yanzu saura inda manhajar za ta zauna, tunda gidanta na asali ya ruɓe. A nan ne ta yi amfani da manhajar kwaikwayo, wadda ke sa laftof na yau ya yi shigar tsohuwar kwamfuta, ya rage gudunsa, ya ƙanƙantar da ƙwaƙwalwarsa, har tsohuwar manhaja ta zaci a gida take. Wata Laraba bayan la'asar ta saita komai, ta yi bisimilla, ta danna.

Allon ya yi baƙi. Wani ɗan farin layi ya yi ta ƙiftawa a kusurwa. Sai rubutu ya fito:

Sannu da zuwa. Yau wace rana ta?

Zinatu ta rufe baki da hannu biyu. Ta sa kwanan wata. Sannan da gangan ta buga shirme, don ta ga abin da zai faru. Kwamfutar ta amsa:

Ban gane ba. Mi kac ce?

Ta yi dariya har hawaye suka zubo mata. Ba Hausar rediyo ba ce, ba ta littafin makaranta ba. Hausar bakin zauren kawunta ce, da muryarsa da haƙurinsa. Ta ƙirga haruffan da yatsa, har da tazarar da ke tsakani: ashirin da uku. Cikin gurbi ashirin da huɗu na saƙon Turancin, ya bar ɗaya ma rara.

Ta shiga ko'ina tana dubawa. Inda Turanci kan yi barazana in faifai ya ƙi karantuwa, nan cewa take: Bari, Sake, ko Haƙura? Sai dai a tsakiyar kalmar ƙarshe, inda ƙ ya kamata ya tsaya, wani dunƙulen ɗigo ne marar siffa. Ta bincika ta gane. Wurin nan ɗaya da ya mutu a duka faya-fayan, a kan zanen ƙ ya faɗa.

Tana iya zana nata cikin minti goma. Ta buɗe wurin zanen ma, sai ta rufe. Ba nata ba ne.

Asabar ta sake komawa Anka. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, ta ɗora laftof ɗin a kan turmin da aka kifa, ta ƙara girman rubutun saboda idonsa. Sannan ta kunna.

Malam Yahaya ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya karanta gaisuwar, leɓɓansa na motsi. Sannan ya goge tafin hannunsa a riga, kamar wanda zai gaisa da babban baƙo, ya ɗora yatsunsa a kan madannai. Yatsun nan da suka yi shekara talatin suna riƙon kalme suka tafi da kansu. Ya buga umarni, jerin fayiloli suka gangaro. Ya buga wani, sai ga ruwan saman Adabka na daminar 1992, rana-rana, da sunayen irin geron da wasu yanzu ba a ko shuka su.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Tana nan yadda nib bar ta."

Inna Hure ta zo ta tsaya a bayansu. Zinatu ta karanta mata saƙonnin da ƙarfi. Da aka kai kan "Bari, Sake, ko Haƙura?" sai tsohuwar ta tafa hannu.

"Wanga nawa na! Shi cewa yay yi a sa 'kasawa'. Nic ce mishi wa ka son na'ura ta ce mai ya kasa? Ka sa haƙura."

"Gaskiya ta," in ji Malam Yahaya. "Da wake muka ƙirga. Ta jera ƙwayar wake daidai yawan gurbi, ni ina hwaɗin magana, ita tana ɗauke wake. In wake ya ƙare magana ba ta ƙare ba, mu sake wata."

Zinatu ta dubi su biyun. Shekara nawa tana zuwa gidan nan tana cin tuwo, ba ta san da wa take zaune ba.

Ta nuna masa harafin da ya mutu. Ya ce a kawo masa littafin lissafi mai gidaje-gidaje da fensir. Ya ja layi, gida takwas a kwance, goma sha shida a tsaye, ya fara cike su ɗaya-ɗaya. Ya yi sandar, ya yi ƙafafun, ya zo kan lanƙwasar sama ya tsaya, ya goge, ya sake.

"Nan ne yab ba ni wahala wancan karon. In ka ja ƙugiyar da yawa sai ta shiga gidan harafin gaba."

Da ya gama, ta miƙa hannu za ta karɓa ta lissafa lambobin da za a ba kwamfuta. Ya riƙe littafin. Ya bi layukan da bakin fensir, yana rubuta lambar kowane layi a gefe, daga kansa, ba tare da ya tsaya ba. Ta gwada da laftof, duka goma sha shida daidai. Ta shigar da su, ta sake kunnawa, kalmar ta fito cikakkiya da ƙugiyarta.

Ta bayyana masa abin da za ta yi. Za ta ajiye hoton faya-fayan yadda ta same su, da raminsu. Za ta ajiye wanda aka gyara daban, ta rubuta a jikinsa cewa harafin ƙ mai shi ne ya sake zana shi da hannunsa a wannan shekara. Kwafi ɗaya zai tafi ma'ajiyar ƙungiyar a intanet, ɗaya makarantarsu don ɗalibanta su gani, ɗaya kuma ta kai wa Malam Shehu a kan hanyarta ta komawa. Da ta zo rubuta sunan masu aikin, ta sa Yahaya da Hure, Anka. Inna Hure ta ce a cire nata, wake kawai ta ƙirga. Malam Yahaya ya ce in an cire nata a cire nasa.

Ya ci gaba da yawo cikin manhajar yana gwada umarni iri-iri. Can sai ya tsaya, ya ƙara matsowa, ya haɗe gira.

"Zinatu, karanta mini wanga."

"An gama kwahi. Akwai sauar?"

"Sauar? Saura na nika nuhi! Subhanallahi, shekara talatin da wani abu, ba wanda yag gaya mini. Gyara shi maza kahin ki aika ma mutanen duniya."

"Ba ni gyarawa, Kawu."

"Kamar yaya?"

"Haka kay yi shi, haka malaman gona sunka gan shi, haka za a aje shi. In na gyara wanga, gobe wani ya gyara wancan, har a rasa wane na naka."

"Amma kuskure na!"

"Kuskuren 1991 na. Shi ma tarihi na."

Ya dube ta, ya dubi matarsa ko za ta taya shi. Inna Hure ta kau da kai tana murmushi. Ya yi ƙwafa, ya sake duban allon.

"To in nay yi sabuwa hwa? Ta biyu, daban?"

"Wannan kam hakkinka na. Sai mu sa mata shekarar bana."

Ya gyara zama, ya jawo turmin kusa da gwiwarsa.

"Ki bar mini na'urarga zuwa Asabar. Akwai wurare huɗu ko biyar da tun wancan lokaci ba su kwanta mini ba."

Zinatu tana da darasi ranar Litinin, kuma duk shirinta na cikin laftof ɗin. Ta yi tunani kaɗan, ta zaro cajar daga jaka, ta nuna wa Inna Hure yadda ake haɗa ta da batirin sola. Da ta yi sallama ta kai bakin ƙofa, kawunta bai ji ba. Yana can ya duƙa, yana buga madannai da yatsa biyu-biyu, yana karanta abin da ya rubuta a bayyane.